Tagar Mama a Ain Khaled

Tun ranar da muka koma makaranta kuke tare ni da tambaya. A layin taro, a bakin famfo, har ana cikin darasi sai in ji an taɓa ni ta baya: "Ummi, ya Doha?" Kun san ni, da idanu sun yi min yawa sai magana ta maƙale, in ce lafiya lau in yi shiru. Har an fara cewa wai ƙila ban je ko'ina ba, Kano aka kai ni aka ɓoye. To ga shi na rubuta. Kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa, amma don Allah kada a karanta da ƙarfi ina wurin.

Babana direba ne a wani kamfanin gine-gine a Doha. Rabona da shi ido da ido tun kafin in shiga sakandare, sai dai a waya. A dogon hutun bana kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya tsaya masa a ƙasar, ya taimaka aka samar mana takardun ziyara ni da Mama, mu yi hutun duka a can.

Daga Malumfashi muka hau motar haya zuwa Kano. Kayana jaka ɗaya ce. Na Mama kuwa sai da direba ya tsaya yana kallonsu yana tambaya ko ƙaura za mu yi. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, kilishi na abokan Baba. A filin jirgi aka ɗora jakarta a ma'auni aka ce ta yi nauyi, sai an rage. Nan a gaban mutane ta buɗe, ta cire dutsen guga da atamfa biyu ta ba Gwaggo da ta rako mu. Ma'aikacin ya nuna muciya ya ce ita ma a bar ta. Mama ta ce sai dai a bar ta ita, muciyar ta tafi. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

A cikin jirgi wata tsohuwa 'yar Gombe ce kusa da ni, za ta je ganin jikanta. Da jirgin ya fara gudu ta damƙe hannuna tana salati. Bayan mun daidaita a sama ta sake ni, ta ce ta riƙe ni ne don kada in ji tsoro. Ban gaya mata cewa ita ce mai jin tsoron ba. Da aka kawo abinci ta cinye nata, ta naɗe cokula a gefen mayafi, ta ce tsaraba ce.

Wurin duba fasfo a Doha ne muka ɗan sha wahala. Ana so mutum ya kalli wata 'yar kyamara da ke daidai fuskar jami'in. Jami'in namiji ne, Mama kuwa da ta ɗago sai ta sunkuyar da kai. Ya yi magana, ya nuna da yatsa, ta ɗago ta sake sunkuyarwa. Layi ya fara tsawo a bayanmu. Ni na gane abin da yake nufi, na raɗa mata cewa ba shi za ta kalla ba, gilashin nan ne. Ta zare wa gilashin ido kamar ya yi mata laifi. Aka buga mana hatimi.

Baba na tsaye a bayan wani ƙarfe cikin jama'a. Ya rame kaɗan, gemunsa ya fara fari, abin da waya ba ta nuna min ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, ke ce kika zama haka?" Duk gaisuwar da na shirya a jirgi ta gudu. Na kama hannun rigarsa kawai na riƙe har muka fita.

Da ƙofa ta buɗe muka fito waje, tabarauna ya rufe da hazo, ban ƙara ganin komai ba. Na ɗauka idona ne ya sami matsala. Baba ya ce gumin iska ne. Zafin can ba irin namu ba ne da ake gudu a shiga inuwa. Kamar ka buɗe tukunyar dambu ka sa fuskarka ne, kuma ko'ina haka yake, har ƙarƙashin bishiya.

Unguwarsu Ain Khaled sunanta. Babban gida ne mai bene aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki, kowa da nasa. Akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Filifin, akwai wata 'yar Sudan mai suna Sitti Amna a ɗakin da ke kallon namu. Madafa ɗaya ce ta kowa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne famfo. Baba ya ce in ina son ruwan sanyi in buɗe mai jan kai, in ina son na zafi in buɗe mai shuɗi. Na zaci wasa yake yi. Ashe tankin ruwa a kan rufi yake, rana ta gama dafa shi, tukunyar dumama ruwa kuwa a cikin gida take a kashe, ruwan da ya kwana a cikinta shi ne mai sanyi. Mama ta ce garin da famfo ma a juye yake sai a yi a hankali.

Mutanen can ba sa fita da rana. Titi fayau, sai motoci da gilashi a rufe. Bayan magariba gari ke farkawa, yara su fito wasa lokacin da mu a gida ake kiran mu mu shigo. Maƙwabta ba sa shiga gidan juna gaisuwa. Mama ta gaida wani ɗan Indiya a matakala, ta tambaye shi gajiya da iyali da aiki da Hausa, mutumin ya tsaya yana kaɗa kai yana murmushi har ta gama. Shayinsu karak, mai kauri da madara da ƙamshi, a ɗan kofin takarda. Direba ya tsaya a bakin shago ya danna oda, a kawo masa har mota. Akwai wata shinkafa da kaza da suke sa wa busasshen lemun tsami baƙi ƙirin. Na ɗauka nama ne na gatsa. Baba ya yi dariya har da hawaye.

Ɗakin Baba a sama yake, a ƙarshen gida. Ya share shi tas, ya saya min katifa sabuwa da zanin gado mai furanni. Sanyi kamar cikin randa, na'urar sanyi da kowa ke kira esi tana ta aiki a bango. Sai dai duhu. Tagogi biyu ne, babba da ƙarama, kowacce an toshe ta da farin allon kumfa, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali, an manna masa takarda mai ƙyalli ta waje, sannan aka saki labule mai kauri kamar bargo. Ko da tsakar rana sai an kunna fitila.

Kun san yadda muke a gida. Da an idar da sallar asuba a ɗage labule, a buɗe taga, a yi shara. Ɗakin da ya wuni a rufe, ko mai shi ba shi da lafiya ko malalaci ne. Mama ta dubi allunan nan ta ce min wannan aikin gwauro ne, namiji in ya zauna shi kaɗai har kwali sai ya liƙa a taga. Ba ta tambayi Baba ba, don kada ya ji kunya.

Ran nan Baba ya fita aiki da sassafe, Mama ta ɗaura ɗankwali ta ce yau za a ga ɗaki. Muka sauke labulayen ta jiƙa su a baho. Muka ɓamɓare allunan, na babbar tagar ya karye gida uku, ta ce dama shara ne, na kai su kwandon waje. Ta goge gilashi har yana ƙara. Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Haske ya cika shi, na ga ashe bangon ruwan madara ne. Mama tana shara tana 'yar waƙa, abin da ban ji ta yi ba tun zuwanmu. Ta buɗe gilashin ma don iska ta shigo, iskar ta buge ta, ta mayar da sauri.

Har azahar lafiya lau. Daga nan rana ta juyo ta faɗo ta babbar tagar, ta kwanta a kan gado da tabarma. Esi ya fara gurnani, yana ɗigar da ruwa a bango. Man shanu ya narke a kwalba ya zama kamar man gyaɗa. Na taɓa gilashin na janye hannu. Labulaye suna jiƙe a baho. Muka rataya zannuwan Mama, rana ta ratsa su kamar babu. Kafin la'asar esi ya yi wani tari, wutar ɗakin ta ɗauke. Mama ta zauna a ƙasa ta dafe kai ta ce jiri take gani.

Ban taɓa buga ƙofar baƙo ni kaɗai ba, amma ranar na buga ta Sitti Amna. Ba ta jin Hausa, ba na jin Larabci, na nuna mata ɗakinmu kawai. Ta leƙa, ta ga tagogi tsirara, ta dafe ƙirji. Ta ja mu ɗakinta tana cewa yalla yalla, wato mu yi sauri, ta ba Mama jan zoɓo mai sanyi, wanda su ma suke sha kamar mu. Ɗakinta ma duhu ne, da labule har ƙasa.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya dubi tagogin, ya je ya leƙa kwandon shara, an riga an kwashe. Ya samo kwalaye ya liƙa, ya rataya barguna, ya tayar da wuta. Ɗaki ya koma duhu, har ya fi da, sanyin kuma bai koma kamar da ba.

Kwana biyu Mama ba ta da walwala. Rana ta uku muna cin abinci ta ajiye cokali.

"Malam, a sake mana ranar tikiti. Mako mai zuwa mu koma."

"Subhanallahi. Me aka yi miki?"

"Ba a yi min komai ba. Kai kana fita kana ganin rana. Ni ban san safe ba ban san yamma ba, sai waya ta gaya min lokacin salla. Ko kaza ana buɗe mata akurki."

Baba ya ce ta yi haƙuri, haka kowa ke zaune a garin. Ta ce ita ba kowa ba ce. Ya ci gaba da juya cokali a kwano. Ni kuwa na daina ci. Ko rabin hutun ba mu yi ba. Ban gama kallon Baba ba, ban ma fara yi masa hira yadda nake so ba, kullum ina cewa gobe.

Ranar Juma'a ce hutunsu a can. Baba ya gayyato abokinsa Kawu Yohanna da matarsa Anti Rifkatu su ci tuwo. Mutanen Jos ne, Kiristoci, shi mai gyaran esi ne, ita nas ce a wani asibiti. Shi ne ya liƙa allunan da muka zubar. Da ya shigo ya ga kwalaye da barguna, ya riƙe baki ya ce wa Baba, "Direba, wa ya yi wa ɗakina fashi?" Mama ta ce ita ce, kuma a gaya mata dalilin da za a rufe mutum da ransa.

Sai da ya gama da malmala biyu na tuwo da miyar kuka, yana cewa rabonsa da irin wannan tun bikin ƙanwarsa, sannan ya yi bayani. Ya ce esi kamar mota ne, kowanne da lodin da zai iya ɗauka, lodinsa kuwa zafi ne. Kafin a sa wa ɗaki esi sai an lissafa duk inda zafi ke shigowa: bango, rufi, ƙarƙashin ƙofa, fitila, da taga. Gilashin da rana ke duka kai tsaye ya fi bango shigo da zafi nesa ba kusa ba. Wayoyin wutar gidan tsofaffi ne, ba za su ɗauki babban esi ba, don haka da ya yi wa ɗakin Baba lissafi sai ya rage lodin. Ya sa allon kumfa ya tare zafi, takarda mai ƙyalli ta mayar da rana, labule ya tsare abin da ya rage. Da waɗannan a cikin lissafi ƙaramin esi ya isa. Da muka cire su, kamar an ɗora wa Keke Napep lodin tirela ne.

Ya ce a Jos ma lissafin ke nan, sai dai a juye. Can lokacin sanyi ɗumin ɗaki ne ke gudu ta gilashi, don haka mai son dumama ɗaki sai ya ɗage labule da rana ta shigo, ya sake shi da yamma ya riƙe ɗumin. Wanda bai sa labule da rufin ɗaki a lissafinsa ba zai sayi abin dumama ɗaki da ya fi ƙarfin bukatarsa. Ya ƙara da cewa har mutane ana lissafawa, don kowane jiki zafi yake fitarwa, shi kuma mutum ɗaya ya lissafa.

Mama, da yake da sunan 'yarsu take kiransa, ta ce, "To, Baban Grace, mu ma lodi ne ke nan."

"Hajiya, lodi mai albarka. Amma lodi ne."

Anti Rifkatu ta ce kada Mama ta kula shi, ita ma da ta zo sabuwa kuka ta riƙa yi a ɗaki, har yau in ta tashi aiki takan tsaya a bakin ƙofar asibiti ta kalli sama kafin ta shiga mota. Mama ta ce to ta ji bayani, ta gode, amma maganar tikiti tana nan.

Akwai abin da na gani ranar da muka cire allunan, na kuma ci gaba da dubawa ta wata 'yar kafa a gefen kwali, don ba ni da abin yi sai leƙe. Ranar nan duk wutar ta babbar tagar ta shigo. Ƙaramar ba ta sami rana ba sam. Kuma kullum da tsakar rana wasu kurciyoyi biyu kan zo su lafe a bakinta ta waje, ba su taɓa sauka a bakin babbar ba. Ina so in faɗa, amma manya na magana, ga baƙi. Na matsa kusa da Anti Rifkatu na raɗa mata. Na zaci za ta faɗa a madadina. Sai ta ce kowa ya yi shiru, Ummi na da magana.

Duk suka juyo. Na kalli tabarma na ce, "Rana ba ta zuwa ƙaramar tagar. Kurciyoyi ma can suke zama."

Kawu Yohanna ya tashi bai wanke hannu ba. Ya ɓamɓare kwalin, ga kurciyoyin nan kuwa, suka tashi fir. Ya sa bayan hannunsa a gilashin, ya je ya sa a na babbar. Ya fito da waya ya duba alƙibla ya ce arewa take kallo, ga kuma bangon maƙwabta ya tare ta, in ma rana za ta taɓa ta sai ɗan lasa da sassafe. Baba ya tambaye shi to me ya sa ya toshe ta tun farko. Ya ce, "Kai da ke fita da duhu ka dawo da duhu, me za ka yi da taga? Wa ya ce min za a kawo mai ɗakin?"

Ya auna tagar da tef, ya zauna yana danne-danne a waya yana magana shi kaɗai. Muka zuba masa ido, har Mama. Can ya ce zai yiwu, amma da sharaɗi. Babbar taga za ta sami allo mai kauri fiye da na da, kuma zai ɗaura mata koren raga ta waje, don inuwar waje ta fi labulen ciki aiki, gara a tare rana tun ba ta taɓa gilashi ba. A toshe ƙarƙashin ƙofa. A canza fitilar ɗakin da marar zafi. Kada a shigo da tukunya tana tururi, a bar ta ta huce a madafa. In an yi haka, abin da aka rage ya isa ya biya wa ƙaramar taga, a bar ta da farin labule marar kauri. Gilashin dai a rufe. Mama ta ce wannan ba sai an gaya mata ba, ta ɗanɗana iskarsu.

A yammacin Baba da Kawu Yohanna suka tafi Al Asmakh, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna, suka tafi da ni. A can na ga Doha mai kama da gari, da tsofaffin gidaje da mutane a bakin shago suna ciniki. Ni aka ce in zaɓi labulen. Na zaɓi fari mai ɗan zare shuɗi a baki. Mai shagon ya yi ta surutu, Baba ya ce masa khalas, wato magana ta ƙare, ya naɗe mana. Muna dawowa Kawu Yohanna ya haɗa komai yadda ya faɗa.

Washegari da azahar muka zauna muna jiran abin da zai faru. Rana ta juyo, ta sami raga da allo. Esi ya ci gaba da aikinsa a hankali, ba gurnani ba ɗiga. Haske mai laushi yana shigowa ta ƙaramar tagar, ya kwanta a gefen tabarma. Mama ta ja kujera ta zauna a wurin tana tsince shinkafa. Ba wani abin kallo ba ne a wajen, bangon maƙwabta ne da kan wata bishiyar dabino da ɗan yankin sama. Ta wuni a nan. Da la'asar ta yi, ta dubi saman ta ce lokaci ya yi, kafin waya ta yi kira.

Ba ta ƙara ta da maganar tikiti ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Da Baba ya dawo ta zuba masa abinci, ta ce, "Malam, garin tuwon nan ba zai kai mu ƙarshen hutu ba. A ƙaro babban buhu." Baba ya ajiye cokali, ya sa takalmi ya fita saye a lokacin, abincin ma bai ci ba.

Sauran hutun ya wuce kamar ruwa. Mun je bakin teku da yamma, na ga jiragen ruwa na katako da dogayen gine-gine masu canza launi. Mun shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa wanda ba shi da direba, Baba ya ce wannan jirgin maƙiyin sana'arsa ne. Ya kai mu Al Gharrafa muka ga wata kasuwa a cikin gini ɗaya, sanyi har sai da na sa rigar sanyi. Sitti Amna ta koya wa Mama lallen Sudan, Mama ta koya mata dambun nama, ba wadda ke jin yaren wata. Ni kuma na saba da Baba. Kullum in ya dawo sai ya zauna ƙarƙashin tagar ya ce, "Uwata, me kika gani yau?" In gaya masa. Wani lokaci har sai Mama ta ce in bar shi ya ci abinci.

Ranar komawa ya kai mu filin jirgi. Ni na yi kuka, ban ɓoye ba. Mama ba ta yi ba, tana ta gyara mayafi tana lissafa masa inda ta ajiye kuka da daddawa. Mun shiga layi har mun yi nisa, sai ta juyo ta dawo wurin ƙarfen da yake tsaye.

"Malam, kada ka bari Baban Grace ya rufe min tagata."

Baba ya ce, "Wa zai taɓa ta? Tana nan har ki dawo."